Ilu Mai Matse Fim

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da fim yake shiga gida a faifai, kafin waya ta haɗiye komai. Yaran da ke zaune a baya can ba su riski lokacin ba, amma iyayensu sun sani. Ka sayo faifai a kasuwa cikin 'yar leda, ka hure shi, ka goge da gefen riga, ka zura a na'ura, gida kowa ya taru. To a wannan zamanin aka yi bawan Allahn nan. Sunansa Iliyasu, amma kowa Ilu yake ce masa. Ilu mai matse fim.

Na ga wani ya ɗaga gira. Yana cewa a ransa, yau kuma Malam 'yan fim zai kawo mana cikin karatu? Na'am, su zan kawo. Mutumin kirki ba shi da unguwa guda. Ku dai saurara.

Ilu ba ya fitowa a fim. Ba ya rawa, ba ya waƙa, ba a taɓa buga fuskarsa a fasta ba. Wani ɗan shago gare shi a saman bene, a layin da masu harkar fim suke hada-hada, da kwamfuta ɗaya, da tsohuwar talabijin, da buta da darduma a lungu. Aikinsa kuwa ga shi. Fim idan ya fito daga hannun mai tacewa ƙato ne, faifai kuma cikinsa ƙarami ne, abin da zai ɗauka ƙayyadadde ne. Sai a kawo wa Ilu, ya sa kwamfuta ta matse fim ɗin har ya shiga faifai guda ba tare da hoton ya lalace ba. Wannan faifan da ya fitar shi suke kira uwar faifai, daga shi ake bugo dubbai a watsa kasuwanni. In uwar ta fito lafiya, 'ya'yan sun fito lafiya. In ta zo da aibi, dubu nawa aka buga, duk da aibin za su fito.

Matsewar nan kuma iri biyu ce. Akwai ta gaggawa, na'ura ta bi fim sau ɗaya ta ba ko'ina rabo daidai wa daida, ta gama. Akwai ta natsuwa, wadda na'ura take bin fim sau biyu. Bi na farko ta gano inda ke da duhu, da ƙura, da ruwan sama, da yawan motsi, don su ne masu cin wuri a faifai. Bi na biyu sai ta rage wa inda mutane ke zaune suna hira a fili, ta ƙara wa wuraren masu wuya. A kwamfutar wancan lokaci wannan sai ta ci yini biyu cur.

Ilu ta natsuwa yake yi. Shekara goma sha ɗaya ta natsuwa yake yi. In ya gama kuma ba ya miƙa faifai sai ya sa shi a tsohuwar talabijin ɗinsa ya kalla tun daga farko har sunayen ƙarshe. A ce masa, "Ilu, ai ka kalli fim ɗin nan a kwamfuta." Ya ce, "Wanda zai saya ba shi da kwamfuta. Irin wannan talabijin ce a ɗakinsa." Mutum ne mai ƙarancin magana. In an yaba fim, darakta ake yabawa. In an zagi fim, darakta ake zagi. Shi dai Ilu yana sama yana aikinsa, kuma hakan ya yi masa.

Ana nan, ana nan, sai wata baiwar Allah ta hawo benen nan. Malama Saratu sunanta, ungozoma ce a wani asibitin karkara. Ba 'yar fim ba ce, ba kamfanin da ya tsaya mata. Mahaifinta mai haƙar rijiya ne, rijiya ta rufta da shi tana 'yar shekara tara. Ta girma da abin a ranta. Ta rubuta labarin masu haƙar rijiya a litattafan makaranta, ta yi shekaru tana gyarawa, daga ƙarshe ta rabu da gonar da ta gada ta ce sai ta mai da labarin fim, don mutane su ga waɗanda suke shiga ƙasa domin wasu su sha ruwa. Mutanen ƙauyensu ne suka fito a ciki. Matan da take karɓar haihuwarsu su suka riƙa dafa wa ma'aikata abinci.

Wanda ya ɗauki hoton fim ɗin wani ne ana ce masa Garzali, magidanci mai 'ya'ya uku, gwani amma mai kafiya. Ku riƙe wannan, don a nan maganar take. Zuciyar fim ɗin wani wuri ne can kusa da ƙarshe, inda mai haƙa yake ƙasan rijiya, ƙasa ta fara zubo masa, yana ɗaga kai yana kiran 'yan uwansa. Ranar da za a ɗauki wurin, Malama Saratu ta ce a zura fitilar lantarki a rijiyar. Garzali ya ce a'a, fitila za ta mai da rijiya kamar ɗakin amarya. Ya sa aka kawo madubi babba aka karkato hasken rana ciki, aka ɗaura masa igiya a ƙugu, ya sauka da kyamara da kansa. Suka yi sa-in-sa a gaban jama'a. Ta ce, "In wurin nan ya yi duhu, kai ka sani." Ya ce, "Na ji, na ɗauka."

Aka gama ɗauka, aka tace, aka kawo wa Ilu saura kwana tara Sallah. Ita mai fim ɗin ba ta samu ta kalli abin da aka tace ba, aikin asibiti ya riƙe ta. Malama Saratu ta ajiye akwatin da fim ɗin yake ciki a kan teburinsa da hannu biyu, kamar mai ajiye jariri. Ta ce, "Malam Ilu, an ce min kai ba ka ha'inci. Ni ban san komai a harkar nan ba. Ga shi, amana."

Ya ce, "Allah Ya ba mu ikon riƙewa, Malama."

To, fim ɗin dogo ne, ya kusa awa uku, faifai kuwa ɗaya ake so. Ga ayyukan Sallah sun taru masa. Ya ɗora shi a kan matsewar natsuwa, ta yi nisa, aka ɗauke wuta. Ya tada janareto, janareto ya yi tari ya mutu. Aiki ya koma farko. Kwana biyu mai gyara yana fama. Ranar da janareto ya tashi, sai ga Shu'aibu, maƙwabcinsa na ƙasan bene, wanda shi ke kai uwar faifai inda ake bugawa. Ya ce, "Mutumina, gobe bayan Azahar mota za ta tashi. In faifan ungozomar nan bai shiga ba, sai bayan Sallah, kasuwa ta watse."

Ilu ya dubi agogo, ya dubi kwamfuta. Yini biyu ake bukata, yini ɗaya ya rage. Zuciya ta ce masa, sau ɗaya dai. Mutane nawa ne a layin nan suke ta gaggawa kullum, wa ya kama su? Sai ya danna ta gaggawa.

Ku saurara, jama'a. Ban ce muku waliyyi ba ne. Mutum ne kamar ni da ku.

Washegari faifai ya fito ana gab da kiran Azahar. Ya sa a talabijin, ya kalli awa ɗaya ta farko, tas. Shu'aibu yana ƙasa yana danna ham. Sai Ilu ya riƙa tsallakawa, ya leƙa nan, ya leƙa can, duk inda ya leƙa fili ne da rana, hoto garau. Bai faɗa kan rijiyar ba. Ya zare faifai ya sa a kwalinsa. A bakin matakala ya haɗu da Malama Saratu, ta zo ganin tafiyar faifanta. Ta ce, "Malam Ilu, ka kalla har ƙarshe?"

Ya ce, "Na duba, Malama."

Kun ji kalmar? Bai ce na kalla ba, ya ce na duba. Ya zaɓi kalmar da ba za a kama shi da ƙarya ba, amma ya san abin da za ta fahimta. Ta yi masa addu'a ta tafi tana murna.

Aka bugo faifai dubbai, aka raba wa 'yan kasuwa. Kwana biyu bayan Sallah, da hantsi, Malama Saratu ta tara mutane a zauren taro na wata makaranta don a kalla tare. Aka rufe tagogi da zannuwa, aka kunna majigi. Mutanen ƙauye sun cika mota biyu sun zo. Masu harkar fim na layin su Ilu sun zo. Garzali yana sahun gaba da sabuwar shadda. Ilu yana can baya, kusa da ƙofa, inda ya saba tsayawa.

Fim ya yi ta tafiya, mutane suna dariya, suna nuna 'yan uwansu a bango. Aka zo rijiya. Zaure ya yi tsit. Mai haƙa ya ɗaga kai, ƙasa ta fara zubowa, sai hoton ya farfashe. Ya zama gida-gida kamar saƙar tabarma, baƙi da toka-toka suna rawa. Fuskar mutumin ta narke, ba ido, ba baki. Murya kawai ake ji yana kira, ba a ganin mai kiran. Minti bakwai a haka. Da aka fito daga rijiya hoto ya dawo garau, kamar ba abin da ya faru.

Wani daga baya ya ce, "Aljanu ne suka shiga rijiyar?" Aka yi dariya. Malama Saratu ba ta yi dariya ba. Ta miƙe tsaye tun fim bai ƙare ba, ta juya ta fuskanci Garzali.

Ta ce, "Ban ce maka a sa fitila ba? A gaban mutanen nan ban ce maka ba? Wurin nan saboda shi na yi fim ɗin. Saboda shi na rabu da gonar ubana. Ka binne min ubana karo na biyu, Garzali."

Garzali ya sake kallon bango. Shi a ɗan gilashin kyamara ya ga hoton, ya ga ya yi. Amma ga bango yana ƙaryata shi. Manyan layin suka girgiza kai, suka ce ai duhu ne, duhu ba ya ɗaukuwa, kafiya ce ta ja masa. Wani mai shirya fim da ya riga ya yi masa alkawarin aiki bayan Sallah ya ce a fili, "Allah Ya rufa min asiri da na gani da wuri." Garzali ya sunkuyar da kai, ya ce, "Laifina ne. Ki yi haƙuri, Malama." Ya fita ta gaban Ilu, har kafaɗarsa ta gogi tasa.

Ba wanda ya waiwayi Ilu. Ko mutum ɗaya. Wa zai tuna da mai matse fim?

Amma Ilu ya san gida-gidan nan. Shekara goma sha ɗaya yana yaƙi da su. Ya sulale ya tafi shago, ya hau bene, ya kunna kwamfuta ya buɗe fim ɗin na asali, wanda ba a matse ba. Ya je rijiya. Subhanallahi. Hasken rana ya sauko kamar igiya, ƙura tana yawo a cikinsa, gumin goshin mai haƙa ana ƙirga shi ɗigo-ɗigo, idonsa fari fat yana kallon sama. Tunda Ilu yake aikin nan bai taɓa ganin an ɗauki duhu da kyau haka ba. Garzali bai yi kuskure ba. Garzali ya yi aikin da ya fi kowane aiki a rayuwarsa, Ilu ya murƙushe shi da danna maɓalli ɗaya.

Yana zaune sai Shu'aibu ya shigo. Ya kalli kwamfuta, ya kalli Ilu, ya gane. Ya mai da ƙofa ya rufe.

Ya ce, "Mutumina, wa ya ga wannan ban da ni?"

"Ba kowa."

"To ba kowa ɗin. Rufe shi. Matar nan ba ta san bambanci ba, shi kansa Garzalin ya amsa laifi da bakinsa. Kai ka ce masa ya amsa? Ba ka yi wa kowa ƙarya ba. Shiru kawai za ka yi, shiru kuwa ba zunubi ba ne. Sunanka shi ne jarinka a layin nan, Ilu. In ka ce ka yi ta gaggawa sau ɗaya, za su ce dama can haka kake yi. Kana da iyali."

Ilu ya ce, "Shi ma yana da iyali."

Shu'aibu ya ce, "Nasa ya riga ya zube. Kada ka zubar da naka a kai, a yi asara biyu."

Kada ku yi saurin zagin Shu'aibu. Ba mugu ba ne, son Ilu yake yi. Kuma da yawanmu da ke zaune a nan, da mu ne, shawarar da za mu bayar ke nan.

Ilu ya koma gida da La'asar. Matarsa Ladidi tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta yi masa sannu da zuwa, ya amsa yana kallon ƙasa. Ta kawo abinci, ya juya cokali ya ajiye. Ta ce, "Malam, tun da ka shigo ba ka kalli idona ba. Me ya faru?"

Ya gaya mata duka, har da kalmar da ya faɗa a bakin matakala. Ta ajiye rariya. Sannan ta ce, "In ka faɗa, za su daina kawo maka aiki?"

Ya ce, "Za su daina."

"Har yaushe?"

"Allah Ya sani."

Ta kalli buhun masarar da ke jingine a bango, ya wuce rabi. Tsoro ya kama ta, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Wallahi Malam ina jin tsoro. Amma matar Garzali tare muke zuwa awo. In na haɗu da ita ta gaishe ni, ina zan sa fuskata? Bakin da ya ce ya duba, shi zai je ya ce bai duba ba. Ni dai abin da na gani ke nan."

Har gari ya waye Ilu bai yanke shawara ba, kada in yi muku ƙarya. Da safe ya tafi shago yana cewa a ransa, bari in ga yadda yau za ta kasance.

Bai daɗe da buɗewa ba sai ya ji taku a matakala. Garzali ne, da jakar kyamara a kafaɗa, idanunsa sun yi ja. Ya yi sallama ya durƙusa a bakin ƙofa.

Ya ce, "Malam Ilu, na zo ne in ba ka haƙuri. Na kawo maka ɗanyen aiki, ga shi faifan da ya fito daga hannunka ya zama abin dariya a gari. Kai mutum ne mai tsare sunanka, na shafa maka baƙi. Ka yafe ni. Kyamarar ma kasuwa zan kai ta, in koma ɗinkin da na baro. Wanda bai iya abu ba gara ya bari."

Jama'a, ku duba wannan. Wanda aka zalunta ya zo ya durƙusa yana neman gafarar wanda ya zalunce shi.

Ilu ya tashi ya kamo hannun Garzali, ya zaunar da shi a kan kujerarsa ta aiki, kujerar da ba ya ba kowa. Ya kunna rijiyar ta asali. Ya bar ta har minti bakwai ɗin suka ƙare. Garzali yana kallo, bakinsa a buɗe, hawaye yana bin gemunsa.

Ya ce, "Wannan... wannan nawa ne?"

Ilu ya ce, "Naka ne. Haka ka ɗauko shi. Ni na lalata shi. Na yi matsewar gaggawa, ban kalla har ƙarshe ba, na ce wa Malama na duba. Jiya ina tsaye a bakin ƙofa aka ci mutuncinka, na sani, na yi shiru."

Garzali ya miƙe. Ya kalle shi kallon da Ilu bai taɓa mantawa ba. Ya ce, "Jiya ban iya shiga gidana ba sai da na zagaya gari sau biyu. Kana tsaye, Malam Ilu?"

"Ina tsaye."

Garzali ya ɗauki jakarsa zai fita. Ilu ya ce, "Ban ce ka yafe ni ba, ban kai nan ba tukuna. Abu ɗaya nake roƙo, ka dawo bayan Azahar. A gaban mutane aka ɗora maka, a gaban mutane za a sauke."

Ya aika aka kira Malama Saratu. Bayan an idar da sallah, lokacin da 'yan layin suke zama a rumfar ƙasan bene, sai aka ga Ilu yana saukowa da kwamfutarsa a rungume, ya koma ya sauko da talabijin. Ya jera su a kan benci. Ya sa faifan kasuwa a talabijin, ya sa na asali a kwamfuta, ya kunna rijiya a duka biyun lokaci guda. Mutane suka taru har bakin titi. A hagu gida-gida, a dama fuskar mutum tana kallon sama.

Mutumin da bai saba magana a taro ba ya tsaya, ya ce, "Jama'a, wannan aikin Garzali ne. Wancan aikina ne. Bai yi kuskure ba ko na ƙwayar zarra. Ni na yi gaggawa, ni na ƙi kallo, ni na ce wa Malama na duba. Duk abin da aka faɗa masa jiya, ni ya kamata a faɗa wa."

Malama Saratu ta matso har gaban kwamfuta. Ta kalli rijiyar nan kamar yadda ta yi shekara talatin tana ganinta a ranta. Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka. Da ta natsu ta juya ga Garzali ta ce, "Na zalunce ka, ɗan uwana. Ka yafe ni." Sannan ta juya ga Ilu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na ce maka amana, Malam Ilu. Na tambaye ka da bakina."

Ya ce, "Kin tambaye ni, Malama. Ba ni da abin cewa. Ki ba ni kwana uku in sake shi yadda ya kamata."

Ta ce, "Ka sake. Amma ni da kai, daga wannan shi ke nan."

Ya sake. Ya ɗora ta natsuwa, ya zauna a kan wurin rijiyar shi kaɗai yana ƙara masa wuri yana gwadawa, har faifai ya nuna ƙurar nan ɗaya-ɗaya a tsohuwar talabijin. Ya kalla daga farko har ƙarshe sau biyu, na biyun tare da Garzali, wanda ya zo ya zauna can gefe. Ilu ya rabu da babur ɗinsa aka bugo sababbin faifai. Sannan ya cika jaka ya saɓa, ya bi kasuwanni da ƙafa da motar haya, rumfa-rumfa, yana karɓar masu aibi yana ba da masu kyau. A kowace rumfa sai an tambaye shi me ya faru, a kowace rumfa sai ya sake faɗa da bakinsa, "Ni na ɓata na farkon." Waɗanda aka riga aka saya aka kai gidaje kuwa, da yawa ba su dawo ba. Wannan ya tafi ke nan, kuma ya san ya tafi.

Yanzu kuna jira in ce muku sai ga wani attajiri ya ji labari ya ba shi gida da mota. Bai zo ba. Abin da Shu'aibu ya faɗa shi ya faru. Aiki ya ɗauke. Wata biyar Ilu yana buɗe shago yana rufewa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ladidi ta koma soya ƙosai a ƙofar gida. Malama Saratu ta cika maganarta, ba ta sake hawa benen nan ba, ko da yake fim ɗinta ya karɓu, an kalle shi har a garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba.

Wanda ya fara dawowa, Garzali ne. Wurin rijiyar nan ya ɗaga sunansa, masu shirya fim suna layi a kansa. Ranar nan ya hawo da sabon aiki, da mai fim ɗin a bayansa yana ƙorafi, yana cewa ai wannan shi ne wanda ya ɓata fim ɗin ungozoma. Garzali ya ce, "Shi ne. Kowa a layin nan ya taɓa ɓata aiki, Alhaji. Ka nuna min mutum na biyu da ya sauko da kwamfutarsa titi ya ce ni ne. In ba a nan za a matse ba, nemi wani mai ɗaukar hoton." Daga nan aiki ya fara komowa, kaɗan-kaɗan. Ilu bai yi arziki ba har zamanin faifai ya wuce. Amma ya ci halaliyarsa, ya aurar da 'ya'yansa, kuma a layin nan in gardama ta tashi a kan wa ya ɓata aiki, sai a ce a kira Ilu, abin da ya faɗa shi ke nan.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Mutumin kirki ba shi ne wanda bai taɓa kuskure ba, wannan ba a haife shi a cikinmu ba. Mutumin kirki shi ne wanda ba ya barin wani ya ɗauki kayan laifinsa, ko da ba wanda ya sani, ko da shi wanda aka ɗora wa ya yarda nasa ne. Kuma shiru a irin wannan wuri ba tsira ba ce. Wanda ya ga ana yanka ɗan uwansa da wuƙar da shi ya wasa, ya kama bakinsa, yana cikin masu yankan.

Kai magini, ka rage siminti, bango ya tsage, aka kori lebura, kana tsaye. Kai tela, ka yanka yadi ba daidai ba, ka ce mai shago ne ya ba da gajere. Kai ma'aikacin ofis, takarda ta ɓace a teburinka, aka rubuta wa na ƙasa da kai takardar gargaɗi, ka sa hannu a matsayin shaida. Ke uwar gida, ke kika bar tukunya ta ƙone, aka yi wa 'yar riƙo faɗa, kika kau da kai. Kai direba, kai makanike, kai malamin makaranta, har ni mai wannan magana. Kowannenmu ya san nasa, ba sai na kira suna ba. Tun ina magana wata fuska ta faɗo maka a rai. To wannan mutumin nake nufi.

Yana raye? Ka san gidansa? Kada ka ce sai an kwana biyu. Ka je ka same shi, ka faɗa da bakinka, kuma in a gaban mutane aka ɓata shi, a gaban mutane za ka wanke shi. Zai yi ciwo, ban ɓoye muku ba. Wataƙila ka rasa ciniki, wataƙila a daina gaishe ka wata da watanni. Amma kunyar yau a gaban mutum ashirin ta fi sauƙi a kan kunyar ranar da za a tara na farko da na ƙarshe, ranar da ba mai ɗaukar wa wani ko tsinke.

Allah Ya ba mu ƙarfin halin cewa "ni ne". Allah Ya sa mu sauke haƙƙin mutane tun muna da bakin magana. Ku ce amin.